Wanda aka yi wa buɗi ya fara buɗe shagonsa tukuna

Na ga yadda wasu suka dage wajen kare saurayin nan na unguwarmu da ya rufe shagonsa wata uku, wai an yi masa buɗi a halwa, wato an buɗe masa sirrin gaibu yayin da ya keɓe kansa don ibada, har an fara kiransa Shehi ana karɓar tofi daga bakinsa. Madalla da wannan waliyyi da aka yaye wa hijabi yana hango abin da ke sama ta bakwai, amma ba a nuna masa cewa matarsa tana aron garin tuwo a maƙwabta ba.

Kada wani ya ce ina musun kashfi, wato nuna wa bawa abin da ke ɓoye, ko mafarki na gaskiya, domin a gidan ɗariƙa na tashi, kuma na san hawayen da ke zubo wa mutum a tsakiyar wazifa ba tare da ya kira su ba. Abin da nake musu shi ne a ce wannan hali yana sauke wa mutum nauyin da Allah ya ɗora masa.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya ba da labarin cewa a 1794, yana ɗan shekara arba'in, ya ga Sidi Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Bayan wannan gani bai kulle ƙofa ya bar ɗalibai a zaure ba. Ya ci gaba da karantarwa da wa'azi da rubutu a Degel har shekara goma, kafin hijira zuwa Gudu a 1804, kuma da mutane suka fara raɗe-raɗin cewa shi ne Mahadi, ya musanta a rubuce. Shi kuwa Sidi Abdulƙadir, sananne ne labarin hasken da ya cika masa sararin sama, aka ce da shi an halatta masa abin da aka haramta, ya gane Shaiɗan ne ya kore shi. Ilimin halal da haram ne ya tsare shi a ranar, domin hasken kam ya gan shi da idonsa.

Masu cewa "ba ka ɗanɗana ba, ba za ka sani ba", na ji ku, amma mai gidan haya da yake bin saurayin nan kuɗin wata uku bai buƙatar ɗanɗano kafin ya san an danne masa hakki. Malamanmu suna cewa istiƙama, wato tsayuwa a kan dokar Allah, ta fi karamar waliyyai dubu. Ina roƙon Allah da zuciya ɗaya ya shiryi yaron nan, domin na san shi mai ladabi ne, kuma waɗanda suka zuga shi sun fi shi laifi.

Su ma masu fassarar mafarki a rediyo suna da kaso a wannan ɓarna, domin mutum zai kira ya ce ya ga farin doki, a cikin minti ɗaya a tabbatar masa da muƙami wajen Allah, ba a ko tambaye shi ya yi sallar Asuba kafin ya koma wannan barcin ba.