Masu kwana a Zariya, masu wuni a Kaduna

Duk mai son ganin yadda Zariya ta koma, ya tsaya a Ɗan Magaji ranar Litinin da an sallame sallar Asuba. Motoci ne ke kwararowa daga Samaru da Hanwa da GRA da cikin birni, kowa ya nufi kudu. Mota ɗaya mutum huɗu, an yi karo-karon kuɗin mai, domin tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai albashi ba ya iya jan motarsa shi kaɗai kullum. Shekara tara ke nan ina cikin wannan ayari. Tafiyar kilomita wajen 80 ce, na kuma san ta kamar yunwar cikina: Jaji, Birnin Yero, Mararrabar Jos, Rigachikun, sai Kawo.

Abokan aiki na yawan tambayata me ya hana in tattara iyalina in koma Kaduna in huta. Amsar ba ta da wuya. Iyayena na nan, makabartar kakannina na nan. Yaro zai yi boko da safe, da yamma ya ɗauki littafi ya tafi zauren malam, a garin da ya yi suna da karatu tun kafin zuwan Turawa. Ga Kwalejin Barewa da ta tare nan a 1949, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga asibitin koyarwa a Shika. Kuɗin da zai kama maka ɗaki biyu a unguwa mai kyau a Kaduna, a nan zai ba ka gida da tsakar gida. Ofisoshi kuwa ba mu muka zaɓa musu wuri ba: tun da Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, aikin gwamnati ya zauna can, sarauta da ilimi suka zauna nan. Don haka ban ga laifin wanda ya kwana nan ya wuni can ba.

Abin da ke damuna shi ne irin zaman da muke yi idan mun dawo.

Turawa sun yanka GRA ne a wajen ganuwa, nesa da talakawa, filaye manya-manya, itatuwa ko'ina. Sun tafi, mun gaji unguwar, mun kuma gaji halin, har muka kai shi sababbin unguwannin da muka gina. Famfo ya ƙafe, sai mu haƙa rijiyar burtsatse. Wuta ta ɗauke, sai mu kafa sola. Ɓarayi sun dame mu, sai mu ƙara wa katanga tsawo mu ɗauki maigadi. Kowace matsala ta gari mun yi mata maganin gida ɗaya, kuma daga ranar da muka yi maganin, bakinmu ya mutu a kanta.

Na gane haka ne wata Asabar da na je gaishe da goggona a cikin birni. Na tarar da mai ruwa ya jingine kurarsa a ƙofar zaure, tana ƙirga masa canji daga bakin zanenta, jarka uku kawai ta iya saya, ga wanki tsibi guda a gefe. Na ce, "Goggo, har yanzu ruwan bai zo ba?" Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wa zai kawo shi? Ku da ake jin maganarku kun haƙa naku kun yi shiru." Ban sami abin cewa ba. Watanni ina wucewa ta gefen bututun da ya fashe a bakin layinmu, ban taɓa ɗaga waya na kira kowa ba, saboda tankina a cike yake.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Albashin da ake karɓowa a Kaduna da Abuja a nan ake kashe shi. Magina da kafintoci da masu walda na samu, 'yan kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada na samu, gidaje da yawa a birni da shi ake ɗora tukunya. Amma kuɗi ba ya zuwa taron iyayen yara, ba ya tsayawa gaban shugaban ƙaramar hukuma ya tambaye shi ina aikin magudanar ruwa ya kwana. Injiniyan da ya san yadda ake karanta kwangila, da akantan da ya san inda ake ɓoye kuɗi a kasafi, da likitan da ya san abin da asibitin unguwa ya rasa, duk suna kan hanya lokacin da ake yanke shawara, idan sun dawo kuma sai barci. An bar gari a hannun waɗanda ba su da lokaci saboda neman na tuwo, da waɗanda shirunmu ya yi wa daɗi.

Tarihin da muke tinƙaho da shi ma haka muka yi masa. Muna faɗin sunan Sarauniya Amina, muna lissafa Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, alhali ganuwar na zaizayewa, wani wurin an ɗebe ƙasarta an yi gini. Tsofaffin zaurukan ƙasa masu zanko ana rushe su ana jera shaguna. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wanda masana gine-gine ke zuwa gani daga nesa, wani sashensa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu. Da yawanmu a waya muka ga labarin, muka yi jimami, Litinin muka kama hanya.

Uzurin rashin lokaci kuwa ya ragu. Tun Disambar 2021 Jihar Kaduna ta mayar da yawancin ma'aikatanta aikin kwana huɗu a ofis. Juma'a ɗaya a wata ta isa mutum ya zauna da mai unguwa da matasan layi, a rubuta abin da ya lalace, a kai wa hukuma da sa hannun mutanen da ake jin nauyinsu, a kuma koma a tambaya. Masu zama GRA da Hanwa su je da batun ruwan Kwarbai da Limancin Kona, ko da nasu famfon na zuba.

Akwai kuma abin da ke tafe. A 2021 aka aza harsashin layin dogo na zamani daga Kaduna zuwa Kano, wanda zai ratsa ta Zariya. Duk wanda ya ga yadda jirgin Abuja ya sauya unguwar Rigasa ta Kaduna daga 2016 ya san abin da tasha ke jawowa. Ranar da jirgi ya fara tsayawa nan, masu kwana Zariya su wuni wani gari za su ninka, filaye za su yi tsada, gonakin bakin gari za su zama fuloti. Yanzu ne lokacin da ya kamata a zana inda titi da makaranta da magudana za su zauna. Makon jiya wani dillali ya tare ni bayan Magariba da takarda a hannu, gonar dawa ce an yanka ta gida arba'in, layukan ko mota biyu ba za su gifta juna ba, kuma ya ce saura guda shida.