Ranar da na zama jaruma a falon Alhaji

Tunda 'yan sitidiyo sun riga sun baza labarin kowa da nasa gishirin, gara ku ji daga bakin mai ita.

Kun san fim ɗin nan mai dogon zango da nake yi wa Alhaji editin, wanda za a ɗora a YouTube. To akwai sin ɗin rabuwa da aka ɗauka a Gamji bakin kogi a Kaduna, cikin hunturu, iska na kaɗawa kamar za ta ɗauke kyamarar, can gefe kuma wasu na biki sun ƙure sifika. Sautin da aka kawo min ba abin da ake ji sai fuuuu. Na tambayi mai ɗaukar sauti ya aka yi, ya ce darakta ne ya ce a ci gaba, edita zai gyara. Wannan kalma ta "edita zai gyara" ita ce za ta kashe mu wata rana. Makirfo ya leƙo ta saman hoto, edita zai gyara. Jarumi ya shiga ɗaki da farar hula ya fito da ja, edita zai gyara, sai ka ce mu ne ke ɗinka hulunan.

Dole a sake ɗora murya, ita kuma jarumar ta koma Kano, wai sai Alhamis. Ni kuma ba zan iya yanka sin ba tare da na ji maganar ba, sai na san inda za ta ja numfashi kafin na san inda zan koma kan fuskar saurayin. Don haka wajen ƙarfe biyu na dare, ni kaɗai a shago a Tudun Wada, na jawo makirfo na maƙale murya na karanta layukanta na ajiye a layin sauti na huɗu. Kowane edita na yin haka, duk wanda ya ce bai taɓa ba ƙarya yake. Kuskurena ɗaya, ban kashe rikodin tsakanin layi da layi ba.

Ta zo ranar Alhamis ta yi nata lafiya lau, na sa shi a layi na uku. A Premiere, manhajar da nake editin da ita, kowane layin sauti yana da ɗan maɓalli mai harafin M da ke toshe masa baki, na uku da na huɗu kuwa ɗaya na kan ɗaya, ga kwana biyu ban yi barci ba. Na danna dai. Na sa rendarin, wato fitar da kammalallen fim ɗin, minti 42 ne fim ɗin, firem 25, wato hotuna 25, duk daƙiƙa, firem dubu 63 ke nan laftof ɗina mai tarin fuka za ta tauna, ta kai kusan ƙarshe NEPA suka ɗauke, batir kuma kun san labarinsa. Na tada janareta na sake. Da ta gama na kalli minti biyar na farko da na ƙarshe, na sa masa suna "fainal na gaskiya 3" na zuba a filasha.

Asabar bayan isha'i muna falon Alhaji a Unguwar Rimi. Ga Hajiya, ga ƙannenta biyu, ga darakta, ga jarumar ta sake zuwa takanas, ga wani babban mutum daga Zariya da Alhaji ke lallaɓawa ya zuba kuɗi a zango na biyu. An kawo dambun nama da zoɓo. Alhaji har ya nuna ni ya ce wannan yaron hannunsa na da albarka. Ina ta sunkuyar da kai ina a'a Alhaji, yin Allah ne.

Minti na 23. Kiɗan tausayi ya shigo a hankali yadda na tsara. Kyamara ta matso fuskar jaruma, leɓenta na rawa, ta buɗe baki, sai ga muryata.

"Haba masoyi, ni za ka yi wa haka?"

Jama'a ba muryata ta yau da kullum ba, muryar ƙato mai mura da ya matse maƙogwaro ƙarfe biyu na dare, kamar an taka wutsiyar akuya. Kuma abin takaicin bakin ya hau daram, ko firem ɗaya bai zame ba, don na ɓata kusan awa guda ina daidaita shi. Da ma aikin banza na yi da sai a ce matsalar talabijin ce.

Falo ya yi tsit. Hajiya ta tsaya da cokali a hanya. Na ce a raina layukan magana huɗu ne kawai, a daure, yanzu za a wuce. Ashe na manta da tsakanin layukan. Jaruma na share ido da gefen mayafi sai aka ji ta yi gyaran murya irin ta direban tirela, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "kai wannan kuka ko ɗigon hawaye babu, sai dai na yi zumin ko Allah zai sa." Sannan ƙarar ɓare gyaɗa. Sannan ta koma siririya, "in ka tafi mutuwa zan yi."

Na yi tsalle neman rimot. Rimot uku ne a kan teburin, na farko na AC ne, na biyu na danna sai ƙara ta haura, daidai lokacin da saurayin ya juya baya ita kuma ta bi shi da kallo tana cewa, cikakkiyar muryata yanzu ba maƙalewa, "Alhaji dai ya biya ni cikon kuɗina, wata uku ke nan, mutum sai babbar riga."

Ban san wa ya fara ba amma na san wa ya fi kowa, direban Alhaji. Shi ba a ma gayyace shi ba, ya shigo kawo makulli ne ya laɓe bakin ƙofa. Mutumin nan ya zube kan kafet yana dukan ƙasa yana a mayar baya don Allah a mayar baya. Wannan fa shi ne wanda na haɗa wa bidiyon aurensa kyauta bara, kamu da ɗaurin aure da dina, an ɗauka da wayoyi uku kowace da kalarta, ɗaya ma a tsaye aka riƙe ta, na kwana biyu ina daidaita kala don kada amarya ta fito kore. Har cire tsohuwar budurwarsa na yi daga sin ɗin liƙi, firem bayan firem, ban gaya wa kowa ba sai yau. Ko kuɗin kati bai ba ni ba. Yanzu shi ne duk inda ya gan ni sai ya rusuna ya ce Hajiya edita ina wuni, kuma ya kai labarin wurin mai shayin layinmu, jiya na ce a soya min ƙwai biyu yaron mai shayi ya amsa min da 'yar siririyar murya.

Alhaji dai bai yi dariya ba. Ya gyara babbar rigar ya ce, Malam edita nawa ne cikon? Gaban kowa. Na ce Alhaji ba komai wallahi. Ya ce a'a faɗi, ai jaruma ta riga ta kai ƙara. Na ce dubu 45. Ya ce to mu ga ƙarshen fim tukuna. Haka na zauna sauran minti goma sha tara ina kallon zanen kafet. Hajiya ta miƙo min zoɓo ta ce sha ɗan nan, maƙogwaronka ya wahala.

Jarumar ba ta kula ni ba sai a bakin get, ta ce hawayen da ka ce babu, iskar hunturu ce ta busar da su. Na ce haka ne ranki ya daɗe. Mutumin Zariya kuma wai ya tambayi darakta ko za a iya barin sin ɗin a haka.

Gyaran bai kai daƙiƙa biyu ba, cire M ɗaya sa M ɗaya, sai rendarin na wasu awa uku. Cikon dai shiru har yanzu. Filashata ma tana jikin talabijin ɗin Alhaji, 64 gig sabuwa, kuma direban aka ce zai kawo min.