Alhaji Tumbi Ya Fito Motsa Jiki

Asabar da sassafe a Murtala Square, Alhaji Tumbi zaune a ƙasa yana haki, sabon kambas ɗinsa ko ƙura bai yi ba.

Alhaji: Koci! Zo ka kama ni, wallahi jifa aka yi min.

Koci: Subhanallahi, ranka ya daɗe me ya faru?

Alhaji: Kai ma ai ka ga tashina, na wuce yaran can har da wani soja, amma ko bakin get ban kai ba ƙafafun nan suka ce ba da su ba. Na san aikin maƙwabcin shagona ne na Kasuwar Bacci.

Koci: Ba ruwan bawan Allah. Jiki wuta uku yake hurawa Alhaji. Ta farko ashana ce, ɗan ƙarfin da ke ajiye cikin tsoka, kamar sakan 10 ya ƙare. Kusan da ita Usain Bolt ya cinye mita 100 cikin sakan 9.58 a Jamus a 2009.

Alhaji: Toh ashe layinmu ɗaya da shi.

Mai Keke: Eh, sai dai shi ya isa inda za shi.

Alhaji: Kai wa ya sa da kai?

Koci: Ta biyu wutar kara ce, tsoka na ƙona suga ba ta jira iskar da ka shaƙa ba, tana ci da ƙarfi amma da ƙyar ta wuce minti 2, ita ce ta sa cinyoyinka ke zugi yanzu. Ta uku gawayi, da iska take aiki, tana cin suga tana cin kitse a hankali har awanni, ita ke ɗaukar ƴan Kenya kilomita 42.

Alhaji (ya shafa ciki): Kitse ka ce? Ai ni dila ne.

Koci: Kaya kam akwai, murhun ne ba a taɓa hurawa ba. Sai ka riƙa sassarfa minti 30, irin wadda za ka iya hira kana yi, sau 5 a sati. Zuciya ta yi ƙarfi ta riƙa tura jini da yawa a bugu ɗaya. Ta yawancin mutane 60 zuwa 100 take bugawa a minti in suna zaune, ta ƴan dogon gudu har 40 tana sauka.

Alhaji: Innalillahi! Na biya ka kuɗi ka rage min bugun zuciya? Hajiya ce ta turo ka?

Koci: Haba ranka ya daɗe. Kuma dole ka ci ka yi barci, don lokacin hutu tsoka ke ginuwa.

Alhaji: Alhamdulillah, wannan ɓangaren shekara 20 ina kansa ba fashi. Kai mai Keke, matso.

Mai Keke: Gida za mu, Alhaji?

Alhaji: Wane gida? Zagaya filin za ka yi da ni minti 30, a hankali, muna tafe muna hira.