Ƙannena na Zongo, Lissafi Gadonmu Ne

Ƙannena na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, duk shekarar da sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ya fito kuka ɗaya ake yi: lissafi ya kayar da yaro, hanyar jami'a ta toshe. Sai ka ji ya ce shi kansa ba na lissafi ba ne, wani ma ya ce ai karatun Nasara ne. Wannan maganar tana ƙona mini rai.

Aljabarar da kuke gudu, wa ya tsara ta? Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 820. Babban kaso na littafinsa a kan rabon gado da wasiyya yake. Mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya, ga bashi, ga wasiyya. A biya bashi, a fitar da wasiyya, a ba mata tumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Nawa kowa zai samu? Adadin da ba a sani ba ake nema, shi ne "x" ɗin da ke firgita ku a aji. Malamin da ya raba gadon gidanku aikin nan ya yi. Gidaje nawa ne a zongon nan zumunci ya tsinke saboda an karkace a rabo?

Akwai kuma Muhammad Alkatsinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741. Ya yi rubutu a kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi, ta yadda ko ta ina ka haɗa, tsaye ko kwance ko a karkace, jimla ɗaya za ta fito.

In kun ce waɗannan mutanen da ne, to ga Francis Allotey, ɗan Saltpond. Ya yi digirin digirgir a Princeton ta Amurka a 1966, ya dawo Tech ɗin nan tamu, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya zama ɗan Ghana na farko da ya kai cikakken farfesa a lissafi. Sai a 2017 ya rasu.

Don Allah ku rabu da neman "apo", wato satattun tambayoyi, daren jarrabawa, ku tsirar da kuɗinku da mutuncinku. Bayan sallar asuba, kafin a taɓa waya, ɗauki tsofaffin tambayoyin WAEC ka warware biyar da hannunka. Wadda ta gagare ka, kai wa wanda ya fi ka, ko da ƙaninka ne. 'Yan mata, har da ku nake.