Wai Cwm Rhondda waƙar 'yan ƙwallon Ingila ce!

Wannan bidiyon da kuke ta yaɗawa tun jiya, wanda aka rubuta a ƙasansa "tsohuwar waƙar magoya bayan ƙwallon Ingila", sannu da ƙoƙari, malaman tarihi. Saura ku ce Sarauniya ce ta rera ta.

Waƙar coci ce, kuma ta mutanen Wales ce. William Williams na Pantycelyn ne ya rubuta baitocin da harshen Welsh a ƙarni na 18, Peter Williams ya mayar da su Turanci a 1771. Karin da kuke ji kuwa, wanda shi ake kira Cwm Rhondda, John Hughes ne ya tsara shi a 1907 don wata majami'a a Hopkinstown, kusa da Pontypridd, yankin masu haƙar kwal. Labarin tafiyar Bani Isra'ila ne a jeji: manna daga sama, al'amudin wuta, ƙetare kogin Urdun. Ina ƙwallo a nan?

Za ku ce ai ana rera ta a filayen wasa. To sai me? An rera ta a jana'izar Gimbiya Diana a 1997, an rera ta a ɗaurin auren Yarima William da Kate a 2011, babu wanda ya ce ta zama waƙar gidan sarauta. 'Yan ƙwallo aron karin suka yi, suka ɗora masa habaicin "kun daina waƙa" don tsokanar waɗanda aka ci. Kayan aro kuwa ba ya zama gado.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake kashe ta. Murya huɗu aka tsara mata: sofirano, alto, tena da bas. A cymanfa ganu, taron rera waƙoƙin ibada na Wales, kowace murya da wurin zamanta, mutane da yawa kuma da do-re-mi suka koya, kamar mawaƙan cocinmu na nan. Daɗin yana wajen amshi: masu riƙe da kari su ja sautin, muryoyin ƙasa su maimaita kalmomin ƙarshe suna haurowa, sannan kowa ya sauka tare. A bidiyonku fa? Kowa ya rungumi murya ɗaya, babu mai amsawa, sai rami a tsakiya. Mai farawa ya ɗauka da sama, kafin a kai amshi maƙogwaro ya gaza, sai ihu. Ga gaggawa, kamar ana korarsu. Baiti na biyu kuwa babu wanda ya sani, sai a yi ta juya amshi ɗaya.

Duk wanda ya taɓa sauraron ƙungiyar mawaƙa maza tana rera ta a Cardiff, babban birnin Wales, kafin wasan rugby, a natse, bas na ruri daga ƙasa, ya san abin da nake nufi. Tsigar jiki tashi take yi, ko ba ka jin kalma ɗaya. Kuma "gurasar sama" da ake ta ihu a kai a amshi daga fassarar Turanci ta fito. A baitin farko na Welsh, Hollalluog ake maimaitawa, wato Mai Iko Duka.

Af, kuma don Allah ku daina cewa mutum ɗaya ne ya yi karin wannan da na Calon Lân, wata waƙar cocin Wales. John Hughes biyu ne. Na Calon Lân mutumin Swansea ne, ya rasu a 1914, wannan kuwa sai 1932. Mutanen Wales ma dai da ƙarancin suna!