Wai shi mijin jinjiri ne?

Wallahi wanga bidiyon waƙa da kuka cika mana status da shi tun shekaranjiya ya ishe ni. Kun san wanda nike nufi, ba sai na kama suna ba balle in ƙara mishi kasuwa. Wai har da masu rubuta "darasi ga matan aure" suna saka hoton kuka. Darasin mi? Mutum da gemunai da furfura ya bar mata da ɗiya huɗu gida babu cefane, ya bi yarinya har otal, ya saye mata iPhone, amma a ƙarshen waƙa matar gida ce ta durƙusa tana roƙon gafara wai don ba ta kwalliya. Ita kuma yarinyar anka saka mata jan kaya da kiɗa mai ban tsoro ta zama shaiɗaniya. Shi ko gogan naku sai ya share hawaye guda biyu, ya gyara hula, anka tarbe shi da turaren wuta da farfesu. Ma sha Allah, barka da dawowa daga yaƙi Alhaji!

Ku duba da kyau ku gani, duk waƙoƙin nan tsari guda ne. Matar gida kullum ɗaurin ƙirji da zane ya koɗe, tana hura icce hayaƙi na shiga mata ido, goyo na kuka. Ta waje kullum gashin doki da dogayen farce, kyamara na bin ta tun daga takalmi har wuya a hankali a hankali, su da kansu masu "faɗakarwar" sun fi minti biyu suna nuna muna abin da sunka ce mu guje mawa. Namijin fa? Shi ba ya yin komai, yi mishi aka yi. An ja shi, an yaudare shi, an yi mishi asiri, ƙafafunai ne sunka kai shi otal bai sani ba, kuɗin ɗaki ma aljihu ne ya biya da kanshi.

Na san yanzu wani zai shigo ya ce min in ɓera da sata daddawa ma da wari. Malam riƙe karin maganarka. A Suratun Nur wa anka fara ba umarnin runtse ido? Aya ta 30 maza ce, sannan ta 31 ta zo ga mata, yaron da ke zuwa makarantar allo a Mabera ma ya san haka. Annabi Yusuf (AS) an kulle mishi ƙofofi, shi bawa ne a gidan, matar mai gida ce ke kiranai, amma ya ruga ya nufi ƙofa har rigarshi ta yage ta baya. Wanga shi ne namijin da addini ya nuna muna, ba wanda zai ce ai uwargida ce ba ta sa humra ba. Kuma ayar da kuke son jawowa kullum ta cewa maza ne tsayayyu a kan mata, ku ƙarasa ta mana, a cikinta anka ambaci abin da suke ciyarwa daga dukiyarsu. Shugabanci kuke so amma ba ku son a tambaye ku ina kuɗin garin tuwo.

Masu cewa ai nishaɗi ne kawai, ku wuce don Allah, ba ni da lokacinku. Nishaɗin da ƙannenmu 'yan shekara goma sha biyar sunka hardace suna hawa TikTok da shi.

Gaskiya abin na min ciwo, ba wasa nike ba yanzu. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, tun asuba ta tashi ta soya ƙosai, ɗiyarta ta kai bakin titi, da ribar ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, da ita ake biyan kuɗin Islamiyya, mijin kuma yana majalisa da waya a hannu yana dariya shi kaɗai. Wagga mata in ta kalli bidiyon nan mi kuka gaya mata? Kun ce mata duk ranar da mijinta ya ɓace laifinta ne, da ta yi lalle da bai tafi ba. Da wane kuɗi za ta yi lallen? Wa ya saye mata atamfa rabon da ta ga sabuwa tun sallar bara?

Kuma abin kunya a Sakkwato muke yaɗa wannan. Garin da Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta kafa 'Yan Taru tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka su karantar da mata, ita ma da waƙa ta yi aikinta, waƙar da mata ke hardacewa su san addininsu. Shehu da kanshi ya yi faɗa da malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci suna aiki da su kamar kayan gida. Maza ya yi wa faɗa, maza. Yau shekara sama da 200 mu kuma mun ci gaba, mun gano cewa matsalar aure duka janbaki ce.

Ni ban ce Hisbah ta kama kowa ba, ban ce a yi muna hukumar tace fina-finai irin wadda Kano ta kafa a 2001 ba, su ma can tsawon riga da rawa suka fi dubawa, ba na jin an taɓa tsayar da waƙa don ta wanke miji azzalumi. Ina son dai sau guda in ga bidiyon da mijin ne zai durƙusa gaban surukinai ya ce Baba na ci amana. Sau guda tak.

Af, kuma wai gidan da anka ɗauki bidiyon wace unguwa yake? Tun daga farkon waƙa har ƙarshe AC na aiki, firij cike da lemo, fitilu ko ƙyaftawa ba su yi ba. Mu nan da zafin ga na Sakkwato saman tabarma muke kwana tsakar gida, cajin waya sai an kai shago. Wanda ya san layin wutarsu ya taimaka ya gaya min, haya nike nema.