Ƙannena, kada ku je gonar yunwa ku dawo da hoto kawai

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata, waɗanda Allah ya kawo Amurka karatu ko neman halali, da waɗanda ke gida suna haramar fitowa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ga gara in faɗa muku shi.

Na ɗebi ɗan ƙanwata da abokansa biyu, muka hau jirgin ƙasa daga Bronx zuwa ƙarshen Manhatan a birnin Niyok. Can bakin kogin Hudson, tafiya kaɗan daga inda dogayen benayen nan biyu suka faɗi a 2001, akwai wani wuri da aka gina don tunawa da yunwar da ta cinye kakannin 'yan asalin ƙasar Ailan. An buɗe shi a watan Yulin 2002, kuma ba a biyan ko sisi a shiga. Ana shiga ta wani lungu kamar zaure mai tsawo, an jera rubutu a bangonsa layi-layi a bayan gilashi, fitila na haskawa ta ciki. Ka fito daga lungun sai ka tsinci kanka a cikin kango: ɗakin dutse ba rufi, ga murhu a jikin bango. Ɗakin na gaske ne. Daga wani ƙauye a yankin Mayo da ke yammacin Ailan aka kwance shi dutse-dutse, aka ƙetaro teku da shi, aka sake ɗora shi a nan. Daga kangon sai 'yar hanya ta hau tudu ta ratsa gona mai ciyawa da tsofaffin kunyoyi, an watsa duwatsu 32, kowane da sunan yankin Ailan da aka ɗauko shi.

Ina tsaye gaban murhun, su kuwa yaran har sun haye sama. Da na iske su, wannan ya jingina da shinge ya gyara hula, wancan na cewa a sake ɗauka haske bai yi ba. Ba wanda ya karanta layi ɗaya a cikin zauren. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, wurin nan ya yi kyau wallahi, amma gonar mece ce haka a tsakiyar gari?" Raina ya ɓaci. Ban yi musu tsawa ba, domin rashin sani ne, kuma laifin rashin sanin namu ne manya. Na zaunar da su na ba su labarin, shi ne zan ba ku.

Kun san dankalin Turawa, wanda a kasuwanninmu ake ce wa Airish. Sunan mutanen nan ne ya bi shi. Kafin 1845, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Ailan da shi kaɗai suke rayuwa, safe da rana da dare. Ba don sun fi son sa ba. Ƙasar tana ƙarƙashin Birtaniya, manyan gonaki suna hannun masu ƙasa, da yawansu ma a Ingila suke zaune, talaka kuwa ɗan haya ne a ƙasar ubansa. Alkama da sauran hatsin da ya noma na biyan haya ne. Abin da zai sa a baki sai daga ɗan ƙaramin fegi, kuma babu amfanin da zai ciyar da iyali daga fegi irin wannan sai dankali. Galibi ma iri guda suke shukawa. To a 1845 sai wata cuta ta sauka a kan dankalin, ganye ya yi baƙi, a tono saiwar a tarar ta ruɓe tana wari. Manoman Bokkos da Mangu a Filato sun san wannan cuta, har yau takan taɓa su in damina ta yi laima. A 1846 ta dawo ta share kusan komai.

A nan nake so ku buɗe kunne. Cutar ta shiga ƙasashen Turai da dama, amma ba inda ta yi kisa kamar Ailan. Dalili shi ne ana cikin yunwar jiragen ruwa suna ta fita da hatsi da shanu da man shanu daga tashoshin ƙasar zuwa Ingila, wani lokaci da rakiyar sojoji. Masu mulki a Landan sun yi imani cewa bai kamata gwamnati ta sa hannu a kasuwa ba. Jami'in baitulmalin da aka ɗora wa aikin agaji, Charles Trevelyan, yana ganin ciyar da mutane kyauta zai koya musu zaman banza. Sai aka ce mai yunwa ya je ya fasa dutse, ya yi aikin hanya a cikin sanyin hunturu, a ba shi 'yan kwabbai da ba su isa sayen garin masara ba. A tsakiyar 1847 an buɗe wuraren rabon fate, har suka kai ga ciyar da mutum miliyan 3 a rana, wato da an so ciyarwa ana iyawa. Kafin shekarar ta ƙare aka rufe su.

Girman gonar da ke kan tudun nan ma magana ce. Rubu'in eka ce. A 1847 aka yi doka cewa duk wanda ke riƙe da fili fiye da rubu'in eka ba shi da rabo a agajin gwamnati. Ku duba wannan zaɓi: ko ka riƙe gonarka 'ya'yanka su mutu, ko ka saki gonar ka shiga gidan gajiyayyu. Wanda ya saki, sai mai ƙasa ya turo a yaye rufin ɗakinsa don kada ya dawo. Abin da kangon nan marar rufi ke tuna wa mutum ke nan. Na sa yaran suka taka gonar daga wannan gefe zuwa wancan, suka ga ba ta kai filin ƙwallon unguwa ba.

Tsakanin 1845 da 1852 kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, yawancinsu ba yunwar ce ta ƙarasa su kai tsaye ba, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ne da atini da kwalara suka samu jiki ya riga ya raunana. Fiye da miliyan 1 suka bar ƙasar. Ƙidayar 1841 ta samu mutum sama da miliyan 8, ta 1851 ta samu kimanin miliyan 6 da rabi, kuma har yau da nake rubutun nan tsibirin bai koma yawansa na 1841 ba. Jiragen da suka kwashe su ana kiransu jiragen makara, saboda yawan gawar da ake jefawa teku a hanya. A tsibirin Grosse Île na Kanada, inda ake killace masu zuwa, an binne fiye da mutum 5,000 a 1847 kaɗai. Waɗanda suka iso da rai kuma ba da hannu biyu aka karɓe su ba. An cusa su a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, an ce ƙazamai ne, an ƙi su saboda 'yan Katolika ne, akwai tallan aiki da ake rubutawa ƙarara cewa ba a son ɗan Ailan. A cikin waɗanda suka fito a shekarun nan akwai kakan mahaifin John F. Kennedy, wanda aka zaɓa shugaban Amurka a 1960.

Da na kawo nan, ɗaya daga cikin yaran ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, kamar masu bin Agadez." Na ce masa ai ka gani da kanka.

Abin da ya fi taɓa ni a wurin ba yawan mamatan ba ne. Mutanen nan ba su ɓoye yunwarsu ba. Jikokinsu yau alƙalai ne, 'yan majalisa ne, masu kuɗi ne, da sun so da sun gina hasumiya su rubuta sunayen manyansu. Sai suka je suka ɗauko kangon talaka suka dasa shi a unguwar da ƙasa ke da tsadar gaske, a tsakiyar bankuna, suka ce daga nan muka fito. Kuma rubutun zauren bai tsaya kan Ailan ba, ya ambaci yunwar wasu ƙasashe har zuwa zamaninmu. A Dublin ma akwai gumakan tagulla na ramammun mutane suna takawa a bakin kogi inda ake shiga jirgi, tun 1997. Akwai irinsu a Boston da Filadelfiya da Toronto.

Mu fa? Kakata ta wajen uba takan ambaci Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, ta ce iyayenta sun ga ana tona gidan tururuwa ana rarako ƙwayar gero. A lokacin ma Birtaniya ce ke mulkinmu, haraji bai tsaya ba, kuma jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano yana jigilar gyaɗa. Ni da idona ina yaro na ga farin 1973, na ga baƙi daga arewa sun sauka a bayan gari ba saniya ko ɗaya. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga 1984, sun ga 2005 a Maraɗi da Damagaram, inda mata ke jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a samu abin ba yara. Na tambayi yaran nan uku ko sun taɓa jin sunan Kakalaba. Ko ɗaya. Mun mayar da yunwa abin kunya, kamar wanda ya sha ta shi ya jawo wa kansa. Tsohuwa za ta fara labarin, sai a ce Hajiya a bar tone-tone, Allah ya wuce da shi. Allah ya wuce da shi, gaskiya ne, amma tsohuwar ma wucewa za ta yi da labarin a cikinta.

Kuma ina ganin abin da wannan mantuwa ke haifarwa a bakunanku. Ina karanta abin da wasunku ke rubutawa a Facebook a kan 'yan gudun hijira da ke bara a bakin titi, wai ragwaye ne, wai su je su yi noma. Gonar tana ina? Wanda aka kora daga ƙauyensu da bindiga, wace kunya zai ja? Kalmar da kuke faɗa ita ce dai wadda aka faɗa wa mutanen Mayo a 1847. Na ji wani yaro a nan Bronx, wanda shi kansa bai shekara biyar da zuwa ba, yana zagin sababbin zuwa da ke kwana a matsugunin gwamnati wai sun cika gari. Subhanallah. Ɗana, jiya-jiya wa ya ba ka katifa a falonsa?

Ku ji yadda masu tunawa suke yi. A 1847 labarin yunwar ya kai wa ƙabilar Choctaw, 'yan asalin Amurka waɗanda shekara 16 kafin nan aka fara korarsu daga ƙasarsu a ƙafa, dubbai suka mutu a hanya. Mutanen da ba su da komai suka yi karo-karo suka tara dala 170 suka aika wa baƙin da ba su taɓa gani ba. Sarkin Daular Usmaniyya, Sultan Abdulmajid, shi ma ya aika da fam 1,000. Mutanen Ailan ba su manta ba. A garin Midleton sun kafa wa Choctaw abin tunawa na gashin tsuntsu da aka ƙera da ƙarfe. A 2020, da annobar korona ta yi wa ƙabilun Navajo da Hopi mummunan kamu, dubban 'yan Ailan suka yi ta tura kuɗi, suna rubuta cewa bashin 1847 suke biya. Shekara 173 tsakani. Hausawa suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma sai akwai wanda ya riƙe labarinsa ya miƙa wa na baya.

Don haka in Allah ya kai ku wurin nan, ko wani irinsa a kowane birni, ku sa wayar a aljihu tukuna. Ku tsaya a zauren ku karanta ko da layi goma ne. Ku shiga kangon ku dubi murhun, ku ƙiyasta uwa a tsugune gabansa da tukunya ba komai a ciki. Ba addininmu ɗaya da su ba, amma 'ya'yan Adam ne, kuma cikin da ya murɗa musu irin namu ne. Kada ku yi shewa a wurin, kada ku hau kan duwatsun, sunayen garuruwan mutane ne. Hoton ba haramun ba ne, ku ɗauka daga baya, in kun sa shi kuma ku rubuta abin da ya faru a ƙarƙashinsa.

Daga saman tudun ana hango mutum-mutumin 'yanci da tsibirin Ellis, inda a da ake tantance baƙin da ke shigowa Amurka. Na gaya wa yaran cewa masu gudun yunwa ba ta Ellis suka shigo ba, sai a 1892 aka buɗe shi, su a tashoshin bakin kogi aka zube su ba mai tarbarsu. Muka sauko ta hanyar da muka hau, wannan karon suka tsaya a zauren, ɗaya yana karantawa yana fassara wa sauran.

A jirgin komawa ɗan ƙanwata ya tambaye ni wa ya rage a gida da ya ga 1973 da wayonsa. Na ce Gwaggo tana nan a Daura, ta haura tamanin, kunnenta ya yi nauyi amma hankalinta garau. Da muka isa gida dare ya yi a can, sai muka bari zuwa safe. Bayan asuba ya kira ta, ya ɗaga murya ya gaishe ta, ya ce so yake ta ba shi labarin shekarar fari. Ta yi shiru har muka zaci layin ya yanke. Sannan ta ce ya samo abin rubutu, za ta fara da sunayen yaran gidansu da ba su kai kaka ba.